Ɗakin Kakanninmu: Yadda Ƙaramin Wuri Ya Wadatar Da Su

Duk wanda ke zaman haya a Sabon Ibadan, ko Agege, ko Idi-Araba ya san kukan ƙuncin ɗaki. Sai dai idan muka waiwayi tarihi, za mu ga cewa ƙaramin ɗaki tsohon abu ne a wajenmu. Abin da ya canza shi ne irin kayan da muke cusawa a cikinsa.

A ƙasar Hausa, azara ce ke yanke faɗin ɗakin soro. Ana tsaga ta daga itacen giginya, kuma idan tazarar bango da bango ta haura kusan mita 2, sai ta fara lanƙwasa saboda nauyin ƙasar rufi. Mai son babban ɗaki dole ya nemi gwanin da zai ɗaure masa baka, irin aikin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim. Wannan kuwa aikin sarakuna ne da attajirai. Talaka ɗan madaidaicin ɗaki yake ginawa, ya zauna da iyalinsa.

To, yaya suka yi? Dabarar ita ce a bar ƙasa fili. Daɓe yana nan a share, tabarma ko buzu ake shimfiɗawa, idan an tashi a naɗe a jingine. Fitila tana cikin alkuki, wato ɗan gurbin da aka bari a jikin bango. Ƙwaryar nono ko fura tana rataye a ragaya. Tufafi suna cikin adudu ko adaka, a tura ƙarƙashin gado. Asabari a bakin ƙofa yana kare ido, iska kuma na shiga. Farar ƙasa a bango tana ƙara haske. Ko jeren amarya sama yake hawa: ƙore da tasoshi bisa juna a jikin bango guda, tsakar ɗaki ba kowa. Ga kuma tsakar gida don girki da wanki, ga zaure don baƙi.

Wannan tarbiyya ce kakanninmu suka sauko da ita Kudu. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Legas a 1901, ya kai Kano a 1911, cinikin shanu da goro ya bunƙasa. A 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Ibadan. Fili ƙayyadadde ne, baƙi kuwa kullum sai ƙaruwa. Ƙarfin maigida a lokacin shi ne yawan ɗakunan da zai sauki fatake. Ɗaki guda yakan zama masauki da dare, wurin ciniki da rana, gefe kuma ga huhunan goro. Tabarma ce ta sa hakan ya yiwu, domin makwancin da ake naɗewa ba ya tare wa kowa hanya.

Sannu a hankali kaya suka sauya. Kwanukan samira da kwalla suka maye gurbin ƙore, gadon ƙarfe mai rumfa ya kori gadon kara. Daga baya sif da durowar gilashi da kujerun kushin suka shigo. Duk waɗannan a ƙasa suke zama, kuma ba a naɗe su. A Arewa da sauƙi, tunda akwai tsakar gida. A nan kuwa yawancin gidajen haya ɗakuna ne a jere suna fuskantar juna, da siririn lungu a tsakani, kicin da banɗaki na kowa da kowa. Abin da tsakar gida ke ɗauka a da, yanzu ɗaki ne ke ɗaukarsa.

Shi ya sa muke ganin abin da muke gani ranar jere. Iyaye sun ci bashi sun sayi gado da kujeru na gidan kai, an zo ƙofar ɗakin haya sun ƙi shiga. Wasu a bar su a lungu damina ta lalata, wasu a sayar da asara. Wanda ya shiga kuwa, amarya ba ta da wurin shimfiɗa sallaya sai ta ture wani abu.

Ba cewa muke a koma gadon kara ba. Hikimar kawai za mu ɗauko. A auna ɗaki da ƙofarsa kafin a je wajen kafinta. A zaɓi gado mai ma'aji a ƙarƙashi. A kafa kanta a bango, da izinin mai gida, kwanuka su hau sama. Kujera ɗaya da darduma sun fi saiti cikakke a ɗakin da yara za su kwana. A shafa fenti mai haske, kada kuma sif ya toshe taga. Kuɗin da ya rage a ba yarinya ta ja jari.

Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Iyaye mata masu shirin aurar da 'ya'ya bana, da ku muke. Allah Ya yalwata mana gidajenmu, Ya sa albarka a cikinsu, amin.