Amsar Takardunku: Yadda Aka Ƙi Rigakafin Shan Inna, Da Yadda Aka Dawo Aka Karɓa

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau. Yana cewa: don Allah a ba shi tarihin rigimar da aka yi a Kano kan rigakafin shan inna, kuma tunda an ce an kawar da cutar, me ya sa har yau ake ɗiga wa yara magani?

To malam, mun gode da wannan tambaya. Tun kaka da kakanni Bahaushe ya san wannan ciwo, har ya ɗauka aljana ce, wato Inna, take shanye ƙafar yaro. Masana kimiyya kuwa sun gano ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. Yawancin yaran da suka kamu ba a ganin komai a jikinsu, amma wajen ɗaya cikin 200 yakan shanye, kuma in an shanye babu magani. A 1955 aka fara amfani da allurar rigakafin da Jonas Salk ya ƙirƙiro a Amurka, daga baya Albert Sabin ya kawo na ɗigawa a baki. A 1988 ƙasashen duniya suka ɗau alkawarin kawar da cutar baki ɗaya.

To ina aka samu matsala? Ai zargi ba ya tasowa haka kawai. A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa arewacin Nijeriya, ta kashe mutum sama da 10,000. Ana cikin haka kamfanin Pfizer ya zo Kano ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani da aka sani. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba; kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ga kuma wata tambaya da talakawa suka riƙa yi: zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda suna kashe mana yara, in mun je asibiti sai mun saya, to don me wannan kaɗai ake biyo mu da shi har gida kyauta? Tambaya ce mai ma'ana, amma ba a tsaya an amsa ta sosai ba. Nan jita-jita ta samu wuri, aka ce maganin yana hana haihuwa. A 2003 wasu jihohin arewa suka dakatar da rigakafin, Kano ce ta fi daɗewa, kusan shekara guda.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Cutar ta bazu daga Nijeriya zuwa ƙasashe wajen 20, har Sudan da Yaman da Indunusiya. A 2006 yara fiye da 1,000 suka shanye a Nijeriya.

Yaya aka yi aka shawo kan al'amarin? Ba da tsawa ba. Da farko an tura wakilai, har da malaman addini, suka je ƙasashen waje suka ga yadda ake yin maganin da yadda ake gwada shi. Kano ta amince da wanda aka yi a Indunusiya, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne, aka koma rigakafi a watan Yuli na 2004. Na biyu, tun daga 2006 aka riƙa haɗawa da abin da mutane suke nema, kamar rigakafin ƙyanda da sinadarin bitamin A da gidan sauro. Na uku, a 2009 aka kafa kwamitin sarakunan arewa kan kiwon lafiya ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, zance ya sauko ta hakimai da dagatai da masu unguwa. Aka ɗauki matan unguwa su shiga gidaje, su kansu waɗanda cutar ta naƙasa suka fito suna cewa: ku dube mu, kada 'ya'yanku su zama haka. Aikin bai tafi lami lafiya ba, don a 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano.

A 2016 aka ga yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar shan inna ta kama a Nijeriya, a jihar Borno. Ran 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar an kawar da ita daga Afirka.

Saura tambayarka ta biyu. Dalili biyu ne. Ainihin ƙwayar ba ta ƙare a Pakistan da Afghanistan ba, kuma matafiyi yana iya ɗaukowa. Sannan maganin baki yana ɗauke da ƙwayar da aka raunana. A inda yara da yawa ba su karɓa ba, takan yi ta yawo tsakaninsu har ta sake ƙarfi ta shanye wani. Wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa wa jama'a ƙarara, kuma maganinta shi ne kowane yaro ya samu.

Saboda haka malam, in masu rigakafi sun zo ƙofar gidanka, kana da haƙƙin ka tambaye su: mene ne wannan, daga ina ya fito, me zai yi wa ɗana? Su kuma wajibi ne su zauna su amsa maka cikin mutunci. In ka gamsu, ka fito da yaran duka, har da jariri.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sai mun ji daga gare ku, Allah ya kai mu mako mai zuwa.