Tarihin Mataimakin Likita: Muhawarar Shekara Ɗari a Ƙasashe Masu Ƙaramin Ƙarfi



Tambayar da wannan lacca za ta bi diddiginta ita ce: a ƙasar da likitoci ba su wadaci jama'a ba, wane ne ya cancanci a danƙa masa ran marar lafiya? Tambaya ce tsohuwa, an kuwa amsa ta sau uku, kowane zamani da irin tasa amsar. Turawan mulkin mallaka sun ba da tasu, 'yan kishin ƙasa suka rushe ta, daga baya masu bincike na jami'o'i suka dawo da maganar bisa hujjar alƙaluma. Manufata ita ce in nuna cewa abin da ya ɓata sunan mataimakin likita tun farko shi ne niyyar waɗanda suka ƙirƙiro shi, amma aikinsa kansa bincike ya wanke shi.

Zamanin Mulkin Mallaka

Bayan Yaƙin Duniya na Farko, gwamnatocin Turawa a Afirka sun fahimci cewa likitocin da suke kawowa daga gida ba za su taɓa isa ba, ga kuma tsada. Saboda haka suka shiga buɗe makarantun horar da 'yan ƙasa. Faransa ta buɗe tata a Dakar cikin 1918, inda aka riƙa yaye waɗanda aka laƙaba wa sunan "likitocin Afirka", cikinsu har da Félix Houphouët-Boigny, wanda ya zama shugaban ƙasar Kwaddibuwa. Ingila ta fara koyar da aikin likita a Makerere ta ƙasar Yuganda da kuma Hartum cikin 1924, sa'an nan a Yaba ta Ikko cikin 1930.

Ɗaliban Yaba sun sha karatu mai zurfi na shekaru, amma takardar da aka ba su ba ta da daraja a wajen Nijeriya, albashinsu bai kama ƙafar na Bature ba, kuma an ɗora musu sunan mataimaki. Watau an gina tsani, aka sare matakansa na sama. Ba abin mamaki ba ne da 'yan boko na Ikko suka ɗauki makarantar a matsayin wulaƙanci. Da aka kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan cikin 1948 sai aka mai da karatun likita can, bisa ma'aunin Jami'ar Landan. A Jihar Arewa ma an gwada irin wannan makaranta a Kano a tsakiyar shekarun 1950, ita ma ba ta yi tsawon rai ba. Sai a 1967 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashenta na koyon aikin likita.

Bayan Samun Mulkin Kai

Amsar 'yan kishin ƙasa a fili take: cikakken likita ko babu. Suna da hujja, domin sun ƙi yarda a ce baƙar fata bai cancanci ilmin da Bature ya samu ba. Sai dai wannan nasara ta zo da nata nauyi. Likitan da aka horar bisa ma'aunin Landan, a babban asibiti mai wuta da ruwa, ba ya marmarin zaman ƙauye, takardarsa kuma tana karɓuwa a ƙasashen waje. Mafi yawan jama'a suna karkara, mafi yawan likitoci suna birni.

Daga cikin jami'a ne aka fara sake tunani. Cikin 1966 Dokta Maurice King na Makerere ya fitar da wani littafi a kan kula da lafiya a ƙasashe masu tasowa, wanda ya nuna cewa yawancin cututtukan da ke kashe talakawa, ma'aikaci mai matsakaicin horo zai iya magance su idan yana kusa kuma yana da kayan aiki. A daidai wannan lokaci labarin "likitoci marasa takalmi" na ƙasar Sin ya bazu, watau manoman da aka ba ɗan horo suna duba 'yan'uwansu a ƙauyuka. Waɗannan ra'ayoyi su ne suka haɗu a taron Alma-Ata na tsohuwar Tarayyar Sobiyet cikin Satumba 1978, inda wakilan ƙasashe 134 suka ɗauki alkawarin samar da lafiya ga kowa kafin shekara ta 2000. A Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗora tsarinsa bisa jami'an lafiya na matakin farko.

Alkawarin bai cika ba. Matsin tattalin arziki na shekarun 1980 da sharuɗɗan masu ba da lamuni sun sa gwamnatoci da dama suka dakatar da ɗaukar ma'aikata, darajar albashi ta zube. Cutar ƙanjamau ta zo ta ƙara yawan majinyata, ta kuma kashe masu jinyar kansu.

Zamanin Ƙidaya

Abin lura shi ne, duk wannan muhawara an yi ta ne ba tare da sahihin lissafi ba. Sai cikin 2004 Sudhir Anand da Till Bärnighausen suka buga wani nazari a mujallar Lancet, suka gwada ƙasashe da juna, suka gano cewa inda ma'aikatan lafiya suka fi yawa, mace-macen mata wajen haihuwa da na ƙananan yara sun fi ƙaranci, ko da an ware tasirin arziki da ilmin mata. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ɗora a kan wannan. Ya ce ƙasar da ba ta da likitoci da nas-nas da ungozomomi kimanin 23 ga kowane mutum 10,000, da wuya ta iya samar da gwani a wurin kashi 80 cikin ɗari na haihuwa. Ƙasashe 57 ne suka gaza wannan ma'auni, 36 daga cikinsu a Afirka kudu da Sahara. A lokacin, yankin Afirka yana ɗauke da kashi 24 cikin ɗari na nauyin cututtukan duniya, amma kashi 3 kacal na ma'aikatan lafiya ke gare shi.

An kuma ƙirga masu ƙaura. Fitzhugh Mullan ya nuna cikin 2005 cewa kimanin rubu'in likitocin Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostireliya a wasu ƙasashe suka yi karatu. Wani nazari na 2011 ya ƙiyasta cewa ƙasashe tara na Afirka, har da Nijeriya, sun yi asarar sama da dala biliyan 2 na kuɗin horar da likitocin da suka tafi. Ƙa'idar ɗaukar ma'aikata da ƙasashen duniya suka amince da ita cikin 2010 ba ta tilasta wa kowa ba, roƙo ce kawai.

Darasin Mozambik

Hujja mafi ƙarfi game da mataimakin likita daga Mozambik ta fito. Da ƙasar ta sami 'yanci daga Fotugal cikin 1975, yawancin likitocinta suka fice, aka bar ta da kimanin 80. Cikin 1984, ana tsakiyar yaƙin basasa, gwamnati ta fara zaɓen ƙwararrun malaman asibiti tana ba su horon shekara uku a kan aikin tiyata. Mutane da yawa sun ga wannan a matsayin ganganci.

Dokta Caetano Pereira da abokan aikinsa suka bi sawun lamarin. Cikin 1996 suka buga sakamakon fiɗar haihuwa 2,071 da aka yi a babban asibitin Maputo, suka gwada aikin waɗannan jami'ai da na ƙwararrun likitocin mata. Ba su sami wani muhimmin bambanci ba, in ban da buɗewar bakin ɗinki daga sama, wadda ta ɗan fi yawa a hannun jami'an. Nazarinsu na 2007 ya nuna cewa jami'an ne suka yi kashi 92 cikin ɗari na manyan ayyukan tiyatar haihuwa a asibitocin gunduma. Ga kuma abin da ya fi kome muhimmanci: bayan shekara bakwai, kusan tara cikin goma na jami'an suna nan a gundumomi, likitocin da aka tura can kuwa sun watse. Wani lissafin ya nuna kuɗin kowace tiyata a hannun jami'i bai kai sulusin na ƙwararren likita ba.

Wajibi ne mai ilmi ya yi taka-tsantsan a nan. Da aka tattara nazarce-nazarce shida cikin 2011, waɗanda suka shafi mata fiye da 16,000, an ga mace-mace ba su bambanta ba, amma ruɓewar ɗinki ta fi yawa a ɓangaren jami'ai. Bugu da ƙari, ba ta hanyar ƙuri'a aka rarraba majinyatan ba, don haka mai yiwuwa ne matsalolin da suka fi wuya sun fi faɗawa hannun likitoci. Ma'anar wannan ita ce jami'i yana bukatar horo mai kyau da likitan da zai riƙa duba aikinsa.

Kammalawa

Mene ne ya raba jami'in Mozambik da ɗalibin Yaba? Na Yaba an ƙirƙiro shi don a tsare wa Bature matsayinsa. Na Mozambik an ƙirƙiro shi don kada mace ta mutu a kan hanyar zuwa birni. Aiki iri ɗaya ne, manufa ce ta sha bamban, kuma manufa ita ke yanke ko za a ba ma'aikaci daraja da albashi da hanyar ƙarin girma.

Nijeriya ta amince da manufar miƙa wasu ayyukan likita ga ƙananan jami'ai cikin 2014, kuma cikin 2023 sunanta da na Nijar da Gana suna cikin jerin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarancin ma'aikata ya fi yi wa barazana. Saboda haka, ku ma'aikatan da ke tsara kasafi, kada ku tsaya ga tambayar mutum nawa aka yaye. Ku tambayi nawa ne suke bakin aikinsu a ƙauye bayan shekara bakwai, wa ke duba su, kuma ina matakin da za su taka gaba. Ku ɗalibai kuwa, akasarin alƙaluman da na karanto muku a wasu ƙasashe aka tattara su. Na ƙananan hukumominku suna jiran wanda zai je ya ƙirgo.