Daga Daɓe Zuwa Tayil: Nazari Kan Toka, Tsami da Ruwan Wanke Ɗaki a Karkarar Arewacin Kano

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ta Bichi, ko ya ratsa ta Gezawa ya ɓulla Minjibir, zai ga gini yana sauya kama. Bulo na ture tubali, kwano ya kori azara da jinka, a cikin ɗaki kuma tayil na shigowa a hankali. Ya fara ne da masallatan Juma'a da asibitocin karkara da gidajen manyan 'yan kasuwar Dawanau, yau ga shi har ɗakin amarya. Ana sayo shi a kasuwar Ƙofar Ruwa, wani ƙirar gida daga Ajakuta ko jihar Ogun, wani daga Sin ko Sifaniya. Mai sa tayil ya gama, ya karɓi hakkinsa, ya kama gabansa. Matar gida ce aka bari da tambayar da ba wanda ya amsa mata: da me za a riƙa wanke shi?

Amsar da ta fi yawo ita ce a koma ga kayan gida, wato toka da kanwa da lemun tsami da tsamiya da sabulun salo, tunda suna da arha kuma ba su da illa. Arhar gaskiya ce. Rashin illar kuwa yana da sharaɗi. Abin da nake son nunawa shi ne kowanne daga cikin kayan nan yana da dattin da yake ci da wurin da yake ɓatawa, kuma a wannan yanki musamman ba a gama hukunci kan abin wanki sai an bi ruwan an ga inda ya kwana.

Dalilin wannan sharaɗi na ƙarshe yana cikin yanayin ƙasar. Michael Mortimore da J. Wilson, a nazarin da suka fitar daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1965, sun bayyana karkarar da ta kewaye birnin Kano a matsayin yanki mai cunkoson jama'a, inda mutane suka kai wajen 140 ko fiye a kowace murabba'in kilomita, kuma ake noma fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar duk shekara ba hutu. Gonar da ba ta hutawa taki ne ke riƙe ta. Frances Harris, da ta zauna da manoman Tumbau ta ƙasar Gezawa a shekarun 1990, ta bi diddigin yadda abincin ƙasa ke zagayawa: harawa ta shiga cikin awaki, kashin awaki da toka da sharar tsakar gida su taru a juji, a ɗora a mangala da rani a kai gona. A irin wannan tsari tsakar gida ba ta rabu da gona ba. Ruwan da aka watsa bayan ɗaki gindin zogale ko kuka ko darbejiya yake zuwa, ko ya bi rariya ya shiga juji, ko kaji su sha. Babu kwalbatin da zai kwashe shi ya kai wani gari.

Daɓe ya dace da wannan tsari tun asali. Mata ne ke taruwa da maɗabai, a baza marmara ko tsakuwa, a yayyafa ruwa, a yi ta duka ana waƙa har ƙasa ta haɗe, sannan a shafe ta da makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa wanda ke ƙara mata tauri da jan launi mai duhu. Tsaftar daɓe ta tsintsiya ce. A yayyafa ɗan ruwa don ƙura ta kwanta, a share, shi ke nan. Abin da ya zube ƙasa ta shanye, launinta kuma ya rufa asiri. Siminti da ledar ɗaki da suka biyo baya ba su canza wannan al'ada sosai ba. Tayil ne ya zo da sabon abu: ba ya shan komai, ba ya ɓoye komai, kuma yana neman ruwa a ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, inda gidaje da yawa ke sayen ruwa jarka-jarka a hannun 'yan garuwa.

Kafin a zo kan kayan wanki sai an san abin da ake wankewa. Tayil yumɓu ne da aka gasa a wutar da ta haura digiri 1,000, aka lulluɓe fuskarsa da wani ɓawo dangin gilashi. Wannan fuska ba ta cika jin tsami ko kaifin toka ba. Raunin ɗakin yana cikin layukan da ke tsakanin tayil da tayil, waɗanda aka cike da siminti, galibi fari. Siminti yana da ƙofofi ƙanana, yana shan maiƙo da launi, kuma tsami yana cin sa. Yawancin abin da mata ke kira dattin tayil a gaskiya dattin waɗannan layuka ne.

Sai kuma ƙura, wadda ita ce babbar abokiyar gabar fuskar tayil. Hazon hunturu yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, ga kuma rairayin tsakar gida da ƙafa ke shigowa da shi. A cikin rairayi akwai ƙwayoyin ma'adinin kwaz, wanda taurinsa ya kai 7 a ma'aunin Mohs mai hawa 10, ya fi ɓawon yawancin tayil tauri. Idan aka sa jiƙaƙƙen tsumma kan ɗakin da ba a share ba, gurzar sa ake yi da yashi, bayan 'yan shekaru a ga bakin ƙofa ya dushe alhali ƙarƙashin gado na ƙyalli. Saboda haka tsohuwar tsintsiya mai laushi da tabarmar bakin ƙofa da al'adar tuɓe takalmi sun fi kowane haɗi amfani, kuma ba sa cin ruwa ko ɗigo.

Kayan wankin gida sun kasu gida biyu: dangin kanwa da dangin tsami. Dangin kanwa su ke narkar da maiƙo, irin su manja da man gyaɗa da romon miya da baƙin hayaƙin turaren wuta. Dangin tsami kuwa su ke narkar da farin tabon da ruwan rijiya ko na burtsatse ke bari, da jan tabon tsatsa, da ragowar sabulu.

A dangin farko toka ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Tokar karan dawa da gero da itace tana ɗauke da sinadarin fotash, shi ne ke narkewa a ruwa ya ba shi santsi da kaifi. Matan karkara sun san wannan tun kaka da kakanni: da shi ake tace ruwan toka na miya, da shi ake dafa sabulun salo, da shi ake darje tukunya. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗebo ta daga murhu a barbaɗa kan tayil a goga, kamar yadda ake yi wa gindin tukunya. Tokar murhu ba ta rasa yashi da gawayi. Yashin ya kankare fuskar, gawayin ya shige layuka ya baƙanta su. Hanyar da ta dace ita ce a tankaɗe ta, a jiƙa kamar kofi ɗaya a rabin bokiti, a bar ta ta kwana, da safe a tsiyaye ruwan sama a sirka da wani ruwan, a goge da shi, a ɗauraye. Dusar da ta kwanta a zuba a juji. Ruwan yana da ƙarfi, yana busar da fata, yana kuma cutar ido, don haka ba abin da za a bari kusa da mai rarrafe ba ne. Tokar da aka ƙona da leda ko roba ko tsohon batir ba ta shiga wannan lissafi, domin gubar da ke cikinta gona za ta koma.

Kanwa ta fi toka saurin aiki a kan maiƙo, kuma ba sai an jira ta kwana ba. Amma a nan ne bin sawun ruwa ke raba gardama. Kaifin toka na fotash ne, wanda yana cikin abubuwa uku da manomi ke saye a buhun takin zamani. Kaifin kanwa, wadda ake haƙowa a ƙasar Manga da gefen tafkin Chadi, na sodiyam ne, shi kuwa sodiyam idan ya taru a wuri ɗaya yana wargaza ƙwayar ƙasa, ta toshe, ruwa ya daina ratsa ta, saiwa ta sha wahala. Bokiti ɗaya ba ya kashe bishiya. Amma bokiti ɗaya kullum, a gindi ɗaya, tun daga kaka har bazara ba ruwan sama da zai wanke, wannan wani abu ne daban. A ganina kanwa ta tsaya a matsayin maganin tabo: a dama kaɗan ta yi kauri, a shafa a layin da manja ya kama, a bari jim kaɗan, a goge da tsohon buroshin haƙori. Wankin yau da gobe a bar wa ruwan toka, ko ma ruwa zalla.

Lemun tsami da jiƙon tsamiya da khal na aiki da kyau a banɗaki da wurin alwala, inda ruwa ke bushewa ya bar fari. Sai dai abin da suke yi wa farin tabon shi suke yi wa simintin layuka, tunda duka biyun dangin farar ƙasa ne. Mai goge ɗaki da tsami kowace safiya za ta ga layukan suna haske, ta ji daɗi, ba ta san hasken na sabon simintin da ya bayyana ne bayan na sama ya narke ba. Sannu a hankali layin ya zurfafa, ruwa ya sami hanya zuwa ƙarƙashi, tayil ya fara ƙara idan an taka, daga baya ya ɗago. Dokar tsami ita ce a jiƙa wurin da ruwa tukuna don layukan su ƙoshi, a sa shi kan tabon kaɗai, kada ya daɗe, a ɗauraye sosai. Tsamiya kuma a tace ta da kyau, domin zaƙin da ke cikinta na kiran kiyashi. A kan mabul ko tarazo, irin wanda ake gani a wasu masallatai da tsofaffin gine-ginen hukuma, tsami ba ya halatta ko kaɗan. Yana cin dutsen kansa, tabon kuma ba ya gyaruwa da wanki.

Akwai masu haɗa kanwa da lemun tsami su ga kumfa ta taso su ɗauka ƙarfi ne ya ninku. Kumfar iska ce ke fita, alamar ɗaya ya kashe ɗaya. Abin da ya rage ruwan gishiri ne mai rauni. Haɗin da ya fi wannan muni shi ne na tsami da bilic irin su Hypo da Jik, domin yana sakin iskar kulorin mai shaƙe numfashi, ga ɗakunan karkara tagoginsu ƙanana ne.

Sabulun salo yana da kyau idan an taƙaita. Yawansa na barin danƙon da ke kama ƙura, yana kuma sa santsi, santsin tayil kuwa ga tsohuwa mai sanda ba ƙaramin haɗari ba ne. Ɓawon aduwa da saiwarta ma suna kumfa, an daɗe ana wanki da su, amma ruwansu na kashe kifi, don haka ba a zubar da shi inda zai gangara kududdufi. Wannan kaɗai ya isa nuna cewa fitowa daga bishiya ba shaidar rashin cutarwa ba ce.

Akwai wani ɓangare da masu rubutu kan tsafta ba su cika taɓawa ba, alhali shi ne ya fi damun mai ɗaki: tsarki. Ɗakin nan a cikinsa ake salla, a cikinsa yaro ke fitsari. A hadisin baƙauyen da ya yi fitsari a masallaci, guga aka sa a kwarara, ƙasa ta shanye, kuma haka daɓe yake yi. Tayil ba ya shanyewa. Idan aka kwarara ruwa kai tsaye sai najasar ta bazu. A mazhabar Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya canza da wani abu kamar sabulu ba ya gusar da hukuncin najasa. Don haka tsarin da ya dace shi ne a fara tsane najasar da tsumma, a wanke da abin wanki idan ana so, sannan a bi da ruwa zalla. Abin lura shi ne fiƙihu da ilimin sinadarai sun haɗu a wuri ɗaya: ɗaurayar ƙarshe ita ce ke kare layukan siminti daga tsami, ita ce ke cire santsin sabulu, ita ce kuma ke tabbatar da tsarki.

Inda kayan gida suke da iyaka ƙarara shi ne lokacin cuta. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya bisa alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC, Kano da Jigawa da Bauchi na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Gidan da ke da mai irin wannan ciwo ba ya dogara da lemun tsami ko toka. Bilic da aka sirka bisa umarnin ma'aikatan lafiya shi ne abin da aka tabbatar yana kashe ƙwayar cutar, ruwan kuma a zuba a shadda, ba bayan ɗaki ba.

Rabin wahalar wankin ma tun ranar sa tayil ake yanke ta. Tayil mai ɗan kaushi da launin ƙasa ya fi fari mai sheƙi dacewa da gidan da awaki da kaji ke tsakar gidansa. Layuka su zama sirara, a cike su da siminti mai duhu, a kuma karkata shimfiɗar banɗaki da baranda zuwa mafita guda, ta yadda matar gida za ta iya tare ruwan ɗauraya a bokiti ta zaɓi inda za ta kai shi. Waɗannan shawarwari uku na maigida ne da mai sa tayil, kuma ya kamata a tambayi wadda za ta riƙa durƙusawa da tsumma kafin a biya kuɗin kwali na farko a Ƙofar Ruwa.