Eyam: Ƙauyen Da Ya Rufe Ƙofa A Kan Kansa

A tsakiyar Ingila, cikin tsaunukan lardin Darbisha, akwai wani ɗan ƙauye da ake rubuta sunansa Eyam, amma a bakin mutanensa "Im" za ka ji. Tsakaninsa da birnin Shefild kimanin kilomita 20 ne, mazaunansa kuwa ba su wuce 1,000 ba. Gidajensa na dutse ne, kuma sana'ar kakanninsu haƙar darma da kiwon tumaki. Da ba don abin da ya auku a shekarun 1665 da 1666 ba, da babu mai jin labarinsa a wajen lardin.

Na san ƙauyen ne a zaman karatu da na yi a Shefild. Motar haya kan bi ta wurin, ni kuwa na sha shiga ranar Asabar idan ɗaki ya ishe ni. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne allunan da aka kafa a gaban wasu gidaje kusa da coci. Ba sunan mai gida aka rubuta ba, sunayen waɗanda suka mutu a gidan ne fiye da shekara 350 da suka wuce, kowa da ranar mutuwarsa. Ga labule a taga, ga keken yaro a jingine, alamar har gobe da mutane a ciki. Kullum suka fito sai sun wuce ta gaban wannan lissafi.

Asalin labarin daga Landan ya taso. A 1665 annoba ta auka wa birnin, ana ƙiyasta ta kashe mutum kusan 100,000. Cuta ce mai zuwa da zazzaɓi mai zafi da kaluluwa a matsematsi da hammata da wuya, kuma sau da yawa cikin mako guda take gamawa da mutum. A lokacin babu wanda ya san ƙuma ce ke ɗauko ta daga jikin ɓera. Sai a 1894 aka gano ƙwayar cutar a Hong Kong. A ƙarshen bazarar Turai ta 1665 aka aiko wa telan Eyam ƙunshin yadi daga Landan. Yaron shagonsa, George Viccars, shi ya kwance ƙunshin. Labarin ƙauyen ya ce ya tarar yadin ya yi danshi, ya shanya shi a bakin wuta. Ranar 7 ga Satumba aka binne shi. Kafin shekarar ta fita, mutum sama da 40 sun bi shi.

Da sanyi ya shiga sai cutar ta lafa, har aka soma zaton an rabu. Zafi na dawowa a 1666 ta farfaɗo da ƙarfinta. Wasu masu hali sun riga sun kwashe iyalansu sun bar gari, saura kuma suka fara ɗaure kaya. A nan ne mutum biyu suka shigo labarin, kuma a ganina su ne zuciyarsa.

Na farko William Mompesson, limamin cocin ƙauyen, matashi da bai kai shekara 30 ba, baƙo kuma, don a 1664 aka turo shi. Na biyu Thomas Stanley, dattijon da ya riƙe limancin kafin nan. An tuɓe Stanley ne bayan Sarki Charles na Biyu ya karɓi gadon ubansa a 1660, lokacin da aka tilasta wa limamai bin tsarin ibadar cocin gwamnati, shi kuwa ya ƙi. Ke nan ɗaya yana zaune a kujerar da aka raba ɗayan da ita, kuma ƙasar ba ta daɗe da fita daga yaƙin basasa a kan irin wannan saɓani ba. Mompesson na da muƙami, amma Stanley ke da zukatan jama'a. Da kowa ya ja nasa ɓangaren, da ƙauyen ya watse, cutar ta bi 'yan gudun zuwa Shefild da Bakewell da sauran garuruwa. Sai suka ajiye saɓaninsu suka yi magana da murya ɗaya.

A watan Yuni jama'a suka amince da abu uku. Kowane gida zai binne mamacinsa da kansa, a lambu ko a gona, ba taron jana'iza. Za a rufe coci a koma yin ibada a wani kwari mai suna Cucklet Delf, kowane iyali nesa da ɗan'uwansa. Na uku shi ne mai nauyin: ba mai fita daga ƙauyen, ba mai shigowa, sai cutar ta ƙare. Babu sojan da ya tsare hanya, alkawari ne kawai. Mai karatu Musulmi zai tuna cewa wannan ita ce koyarwar da muka tashi da ita game da garin da annoba ta sauka, sai dai faɗa ba wuya, cikawa ce aiki.

Abinci kuwa daga waje yake zuwa. Basaraken yankin da ke zaune a fadar Chatsworth ya ɗauki nauyin aiko da kaya, maƙwabta kuma suna ajiye nasu a kan iyaka su juya. Na taka zuwa dutsen iyakar da ke kan hanyar ƙauyen Stoney Middleton. Wani kurman dutse ne a tsakiyar makiyaya, an huda ramuka 6 a kansa. A ciki ake zuba ruwan khal a jefa kuɗi, bisa imanin cewa tsamin zai kashe cutar. Na sa yatsa a ɗaya daga ramukan, na tarar da ruwan sama da wasu 'yan sulallan da baƙi suka bari. Daga nan ana hango rufin gidajen maƙwabta. Tafiyar 'yan mintoci ce, kuma duk wanda ya zo ɗaukar burodi a wancan lokaci yana ganin hanyar tsira da idonsa, ya juya ya koma.

Watan Agusta ya fi kowane muni, mutum sama da 70 suka tafi. A cikinsa ne Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta 6 cikin kwana 8, daga ranar 3 zuwa 10 ga wata, a gonar da ke kusa da gidansu. Kaburburan na nan a gefen tudu, an kewaye su da 'yar katangar dutse, tumaki na kiwo a kusa. Shi ma limamin bai tsira ba. Ya riga ya tura 'ya'yansa biyu wajen gari, ya roƙi matarsa Catherine ta bi su, ta ƙi. Ta zauna tana taya shi duba marasa lafiya, har cutar ta ɗauke ta a ƙarshen watan, tana da shekara 27. Mutuwa ta ƙarshe ta faɗo a farkon Nuwamba 1666. Cikin wata 14 an rasa mutum 260 daga iyalai 76.

Masana tarihi ba su bar labarin haka nan ba. Yawancin abin da ake faɗa ya fito ne daga littafin wani ɗan ƙauyen, William Wood, wanda ya tattara maganganun tsofaffi ya buga a 1842, wato bayan kusan shekara 180. Shi ya ce mutanen garin 350 ne, amma masu bin takardun coci da na haraji sun ce sun kai 700 zuwa 800. Akwai kuma masu ganin cewa zaman wuri ɗaya ya ƙara yawan mace-mace a cikin ƙauyen. Wannan bai rage musu daraja a idona ba, ƙara ta ya yi. Sun biya da rayukansu, garuruwan da ke kewaye da su kuma ba su ga irin wannan ɓarna ba. Ladan da Mompesson ya samu kuwa, da aka mayar da shi ƙauyen Eakring bayan 'yan shekaru, an ce mutanen can gudunsa suka dinga yi don tsoron ya zo musu da cuta.

Na halarci taron tunawar da suke yi kowace Lahadin ƙarshe ta Agusta, al'adar da ta samo tushe daga bikin cika shekara 200 a 1866. Jama'a kan jeru daga coci zuwa kwarin nan, a yi addu'a a fili, a ajiye furanni a kan kabarin Catherine. Wata tsohuwa da ke kula da baƙi a cocin ta nuna mini kundin sunayen mamatan, ta ɗora yatsa a kan wani suna ta ce daga wannan gida ta fito. Ba ta yi alfahari ba, ba ta kuma yi kuka ba. Kamar mai nuna maka gonar gado take magana.

Annoba ta ci ɗaruruwan ƙauyukan Turai da ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Abin da ya bambanta Eyam shi ne limamai biyu da ba sa ga maciji sun yarda su tsaya wuri ɗaya, talakawa sun cika alkawarin da ba mai tilasta musu, sannan wani ya zauna ya rubuta sunan kowane mamaci da ranarsa, har jariri. Mu ma garuruwanmu sun ga shekarun sanƙarau da amai da gudawa da yunwa, kuma tsofaffin da suka san wanda ya tsaya da wanda ya gudu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke da irin wannan tsoho a gida, ya nemi takarda da alƙalami tun yana raye.