Taken Ɗan Galadima: Tarihin da Goge Ya Adana



Wanda duk ya tashi a karkarar Gaya da Ajingi ya san amon goge da ƙwarya idan dare ya yi tsaki. Daga cikin kaɗe-kaɗen da ake ji akwai taken Ɗan Galadima, wato ɗaya daga cikin iskokin bori, wanda masu abin suka siffanta shi da ɗan sarki mai ado da kyauta har ta kai ga almubazzaranci. A bori kowane iska da takensa, da shi ake kiransa ya hau dokinsa ko godiyarsa. Tambayar da ke gabanmu ita ce, yaya za a gano shekarun kiɗan da ba a rubuta shi ba, ba a kuma riƙe sunan wanda ya ƙaga shi ba?

Shaida ta farko ita ce shi kansa gogen. Ƙwarya ce aka rufe da fatar guza, aka ɗaura mata tsirkiya ɗaya ta izgar doki, ana goga ta da wata izgar da aka shafa wa ƙaro. Masana irin su Jacqueline DjeDje, a littafinta na 1980 da na 2008, sun danganta irin wannan abin kiɗa da rababar Larabawa, wadda ta biyo hanyoyin fatauci na Sahara. Ke nan goge baƙo ne da ya zama ɗan gida.

Shaida ta biyu ita ce sunan. Sarautar Galadima daga Barno ta zo mana, kuma Tarihin Kano ya ambaci Galadima Dawuda a zamanin Sarki Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452. Ba yadda za a yi a sami ɗan Galadima kafin a sami Galadiman. Saboda haka wannan iska ba na zamanin Barbushe ba ne, an haife shi ne bayan da fada ta kafu da hakimanta da 'ya'yan sarakunanta, har talaka ya ga halinsu ya kwaikwaya.

Shaida ta uku daga ƙetaren hamada take. A cikin 1914 wani Bature, Tremearne, ya buga littafi a kan borin Hausawan Tunis da Tarabulus, waɗanda yawancinsu bauta ce ta kai su ko iyayensu can, ya kuma tarar da Ɗan Galadima a cikin iskokinsu. Tun 1846 aka haramta bauta a Tunis. Wannan na nuna cewa iskan da kirarinsa sun daɗe da ƙetarawa kafin Turawa su ci Kano a 1903.

To, amma a lura, waɗannan shaidu sunan suka tsayar wa lokaci. Shi amon kuwa a hannun makaɗi yake zaune, yaro ya karɓa daga ubangidansa, ya ƙara nasa gishiri. A wani wuri da garaya ake kaɗa shi, a wani da goge. Bayan jihadin 1804 malamai sun ƙyamaci goge, haka kuma bayan ƙaddamar da Shari'a a Jihar Kano a 2000 wasansa a fili ya ja baya ainun.

Ba ina kira a koma bori ba ne, Allah ya kiyaye. Likita yakan nazarci cuta ba don yana son ta ba. Abin da nake cewa shi ne, tsohon da ke riƙe da wannan take a wani ƙauye na Ajingi yana riƙe da wani shafi na tarihinmu, kuma ranar da aka binne shi an binne shafin. Wajibi ne ɗalibanmu su je, su ɗauki amon, su tambayi kowane makaɗi daga wa ya koya, tun da sauran masu ba da amsa.