Daga Majigi Zuwa Gidan Kallo: Abin Da Finafinan Ninja Da Na Dodanni Suka Bar Mana

  Da kwamitin mujalla ya nemi in yi rubutu a kan tarihi, na san wasu za su zaci sarakunan Kano zan ɗauko. Ni kuwa sai na ga gara in ɗauko tarihin abin da ya sa da yawanmu muka sha bulala, wato finafinan nan masu araha na ninja da na dodanni da na bala'i, waɗanda muke satar jiki mu je kallo. Ina roƙon malamai su daure su karanta har ƙarshe, domin a shari'ar da aka yi wa waɗannan finafinai a wancan lokaci, ɓangare ɗaya kawai aka saurara.

Yadda abin ya iso mana

Iyayenmu majigi suka fara sani. A 1939 Turawan mulki suka kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen da suke mulka, ana ɗora injin a mota ana bi gari-gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada a nuna tsafta da noma. Daga irin waɗannan ne Baban Larai ya yi suna. Gidan silima kuwa na birni ne. An buɗe Rex a Kano a 1937, sannan a watan Mayu na 1951 gobara ta tashi a silimar El-Duniya, mutum 331 suka rasu. Jama'a da yawa suka ɗauki wannan a matsayin ishara daga Allah, saboda haka ƙyamar da dattawa suke yi wa silima tana da tushe, ba ƙiyayya ce ta haka kawai ba. Duk da haka gidaje irin su Plaza da Orion da El-Dorado da Wapa da Marhaba suka ci gaba da cika, Kwarori masu harkar suna shigo da finafinan Indiya da na Chanis.

Mu da muka taso a Utai, silima labarinta muke ji. Wanda ya je birni ya kalli fim shi ne sarkin hira, sai ya yi mako yana ba da labari yana ƙara gishiri. Abin da ya canza lissafi shi ne bidiyo. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, shigo da faifan silima ya yi tsada, kaset kuwa ana kwafarsa a shago. Nan da nan gidajen kallo suka bazu har Wudil da ƙauyukanta: zaure ɗaya, talabijin ɗaya, benci biyar ko shida, janareto yana ruri a bayan ɗaki, ga allo a ƙofa an rubuta sunan fim da alli. Kaset ɗin da ke isowa gare mu jikan kwafi ne, launi ya koɗe, hoto yana rawa. Kuma akasarin abin da ke ciki fim ne mai araha, domin arahar tasa ce ta ba shi ƙafar zuwa ƙauye.

Ninja: jiki shi ne jari

Asalin ninja 'yan leƙen asiri ne a ƙasar Japan, musamman a yankunan Iga da Koga, a zamanin da sarakunan yaƙi ke gwabzawa da juna, har Oda Nobunaga ya ci Iga da yaƙi a 1581. Amma ninjan da muka sani a fim aka haife shi. Bruce Lee ya rasu a 1973, masu neman kuɗi suka cika kasuwa da masu kwaikwayonsa irin su Bruce Li da Bruce Le. Da wannan ya fara gundurar mutane, sai kamfanin Cannon ya fitar da Enter the Ninja a 1981, da Sho Kosugi a ciki, sannan Revenge of the Ninja a 1983, da American Ninja a 1985. Na farkon da na ƙarshen a ƙasar Filifin aka ɗauke su.

Ƙarfin irin wannan fim a bayyane yake. Ba ya bukatar fada ko jirgi, mutum kawai yake bukata wanda ya iya tsalle da juyi da takobi. Ba ya kuma bukatar ka ji Turanci. Da ka ga wanda aka kashe wa uba ko malami ka san shi ne akta, da ka ga mai gashin baki yana shafa zobe ka san shi ne bos, sauran kuwa jira ne. Sannan mu Hausawa ba baƙon abu aka kawo mana ba. Wanda ya taso yana ganin 'yan tauri suna karya wuƙa, yana jin labarin layar zana da baduhu, in ya ga ninja ya jefa hayaƙi ya ɓace ba zai yi gardama ba, sai dai ya ce wannan ya sha magani.

Rauninsa ma daga arahar yake. A Hon Kon akwai wani darakta, Godfrey Ho, da suke aiki da Joseph Lai. Dabararsu ita ce su sayi tsohon fim na wata ƙasa da bai yi kasuwa ba, su ɗauki 'yan mintoci na Turawa sanye da kayan ninja, su ɗinke su tare, su canza magana, su sa sabon suna. Wani ɗan wasa Ba'amurke, Richard Harrison, ya yi musu aiki kaɗan, sai ya riƙa ganin kansa a finafinai barkatai da bai san da su ba. Shi ya sa kuke tuna ninja mai jajayen kaya ko ruwan ɗorawa, ya ɗaura ƙyalle a goshi an rubuta Ninja, kamar ɗan leƙen asiri zai rataya wa kansa allo. Shi ya sa kuma muke fitowa muna musu a kan labarin, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne bai gane ba, ashe labari biyu ne aka haɗa su aure dole. Ban san haka ba sai da na girma, kuma a nan ina neman afuwar duk wanda na kira daƙiƙi.

Dodanni: abin da ido bai gani ba

A fim ɗin ban tsoro ne talauci yake zama alheri. George Romero ya shirya Night of the Living Dead a 1968 da dala 114,000 kacal. John Carpenter ya yi Halloween a 1978, fuskar robar da makashin ke sawa a kanti aka saye ta aka shafa mata farin fenti. Evil Dead kuwa, wanda ya hana ɗakin kwananmu barci, Sam Raimi ne ya fitar da shi a 1981 yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kuɗin bai kai dala 400,000 ba, kusan duka a wata bukka a daji. Ku tuna abin nan da ke tahowa a guje cikin itatuwa, wanda ba a taɓa nuna mana fuskarsa ba. Kyamara ce aka ɗaure a katako, mutane suka riƙe suna gudu da ita. Ba su da kuɗin ƙera dodo, sai suka bar kowannenmu ya ƙera nasa a zuciya, kuma dodon da mutum ya ƙera wa kansa shi ya fi kowane firgita shi. Hikimar kakanninmu ke nan a tatsuniya: ana faɗin Dodo, ba a siffanta shi.

Ina tuna daren da muka kalle shi mu huɗu muka biyo hanyar gona za mu koma. Kara ya motsa, ba wanda ya tsaya tambaya, takalmina ɗaya ma a can ya kwana. Da safe aka gano akuya ce. Da safen kuma aka gano ba mu kwana a ɗaki ba, abin da ya biyo baya kuwa kun sani.

Indiyawa ma ba a bar su a baya ba. 'Yan gidan Ramsay sun yi Purana Mandir a 1984 da Veerana a 1988, ga kuma Nagin na 1976, labarin macijiya mai rikiɗa tana ramuwar kisan mijinta, wanda ya shiga ran Bahaushe saboda ya yi kama da labaran aljanu da muka sani. To amma a nan raunin yake fitowa. Da zarar an kunna fitila an nuna dodon sosai, sai ka ga roba, ka ga jini kamar miyar tumatir, tsoro ya koma dariya. Wasu kuma da suka rasa dabara sai su cike gurbin da tsiraici da yanka, kuma a wannan gaɓar malamanmu suna da gaskiya ɗari bisa ɗari: ba abin da yaro ɗan shekara goma sha huɗu ya kamata ya gani ba ne.

Bala'i: inda araha ke tona asiri

Fim ɗin gobara da girgizar ƙasa da nutsewar jirgi shi ne wanda ba ya yafe wa talaka. The Towering Inferno na 1974 sai da manyan kamfanoni biyu suka haɗa ƙarfi kafin su iya shirya shi. Titanic na 1997 ya ci dala miliyan 200. Mai ƙaramin jari in ya shiga wannan fage sai ya koma ga gidajen kwali da motocin wasan yara da girgiza kyamara, ko ya yanko hoton wani fim ya liƙa a nasa. Ko a nan gida an gwada: a 2003 Farouk Ashu-Brown ya yi Masoyiyata, wato Titanic da Hausa, inda hoton jirgin daga fim ɗin asali aka aro shi.

Akwai kuma dalilin da ya sa irin waɗannan ba su kama mu ba. Mun san bala'i na gaske. Mun ji yadda madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agusta na 1988, kuma ambaliyar 2001 ta ci gidaje da gonaki a garuruwan bakin kogi a yankin Wudil har cikin Jigawa. Wanda ya ga katangar ƙasa tana narkewa, ya ga rumbu yana tafiya a kan ruwa, ba za a firgita shi da kwali a cikin baho ba. Ƙaramin fim ɗin bala'i yana yin armashi ne kawai in ya bar ruwan da wutar ya tsaya a kan mutane: wa zai ceci wa, wa zai gudu ya bar ɗan'uwansa. Wannan ba ya cin kuɗi, marubuci yake bukata.

Abin da suka haifa

Ga babban abin da nake so mu lura da shi. Babban fim yana sa ka yi mamaki, ƙaramin fim kuwa yana sa ka ce ai ni ma zan iya. Tun farkon shekarun 1980 samari a Kano irin su Sani Lamma suka fara ɗaukar wasanni da kyamarar bidiyo, har da na faɗa irin na Chanis. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafa shi a matsayin mafarin kasuwar finafinan Hausa na bidiyo. A kudu, Living in Bondage na 1992, labarin tsafin neman kuɗi, shi ya buɗe tasu kasuwar. Zuwa 1999 an fara kiran masana'antar Kano da Kannywood, a 2001 kuma gwamnatin jiha ta kafa hukumar tace finafinai. Maƙwabcinmu ma, marigayi Rabilu Musa Ibro ɗan Ɗanlasan, wanda ya rasu a Disamba 2014, da finafinan camama masu ƙaramin jari ya shiga kowane gida a ƙasar Hausa.

Sai dai masana'antar ta fi karkata ga soyayya da waƙa irin ta Indiya, musamman bayan Sangaya na 1999. In aka zo nuna aljani ko boka, sau da yawa hoda ce a fuska da dariya mai amsa-kuwwa, wato an ɗauki raunin finafinan da muka kalla an bar ƙarfinsu. Alhali muna da dambe da kokawa da farauta da tauri, muna da labaran mayu da 'yan ruwa da kowace kaka ta iya, ga ambaliyar da muka gani da idonmu ba wanda ya ba da labarinta yadda ya dace.

Kammalawa

Ba na musun cewa gidan kallo ya yi ɓarna. Akwai abokanmu da jarrabawa ta kayar saboda shi, akwai waɗanda suka karya hannu wajen gwada tsallen ninja daga kan katanga, akwai ma waɗanda daga kwaikwayon faɗa suka zarce daba. Bulalar malamanmu ta ceci da yawanmu, Allah Ya saka musu da alheri. Amma a wannan zauren ne kuma muka fara koyon cewa rashin kuɗi ba ya hana aiki, in mutum ya san abin da zai nuna da abin da zai ɓoye.

Yau gidajen kallon da suka rage ƙwallo suke nunawa, 'ya'yanmu a waya suke kallon fassarar Algaita, kasa-kasan kuwa suna ruɓewa a cikin kwali. Ina ba ƙungiya shawara, duk mai tsohon kaset ko fasta ya kawo a adana, a kuma zauna da dattawan da suka riƙe gidajen kallo a Wudil da Utai a naɗi labarinsu tun suna raye, domin abin da ba a rubuta ba mantuwa ce ke gadonsa. Allah Ya jiƙan waɗanda muka zauna benci ɗaya da su suka riga mu, Ya ƙara mana zumunci, Ya sa mu gama lafiya, amin.