Daga Babbaƙu Zuwa Ba-Be-Bi: Tarihin Koyar da Karatu a Kudancin Kano



Tun cikin shekarun 2010 ake kiran malaman firamare na Jihar Kano zuwa kwas a kan koyar da karatu ta hanyar sauti, watau a nuna wa yaro baƙi, a faɗa masa yadda yake fita a baka, sa'an nan ya haɗa shi da wasali ya ta da gaɓa. Tsarin da ya fi suna shi ne Jolly Phonics, wanda ya fito daga Ingila, inda aka buga littafinsa na jagora a 1992. Mutane da yawa sun ɗauka baƙon abu ne. Ni kuwa a ganina, in muka dubi ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, za mu tarar tsohuwar hanya ce da muka yar, aka dawo mana da ita cikin sabuwar riga.

Mu fara da makarantar allo. An haifi Alhassan Dantata a Bebeji a 1877, a can kuma ya yi karatun allo, tun babu ko ajin boko ɗaya a ƙasar Kano. Yadda ake bi da ƙolo a wancan zamani shi ne yadda ake bi da shi har yau. Da farko babbaƙu: baƙaƙe tsirara, ba wasali, kowanne da sunansa na Hausa wanda ke kwatanta siffarsa, alu, ambaki, wau, zal, ba guje, lam jaye, ha kuri. In ya riƙe waɗannan sai a kai shi farfaru, a sa wa baƙi wasali bisa ko ƙasa ko rufu'a, ya ji yadda muryarsa ke sauyawa. Bayan nan ne ya fara haɗa baƙi. Alaramma bai taɓa jin sunan ilmin furuci ba, amma ya san ba a ba yaro kalma sai an ba shi abin da aka gina ta da shi.

Da Dan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, sai aka yi dace. Rubutun Hausa na boko ya zo kusan daidai da furuci: wasula 5, kowane baƙi kuma da aikinsa. A shekarun 1930, zamanin Dokta East a Hukumar Talifi ta Zariya, aka tsai da ɓ da ɗ da ƙ masu ƙugiya. Saboda haka malamin elementare na En'e ya iya tsayawa gaban allo ya ce ba, be, bi, bo, bu, yaro kuma ya karanta duk kalmar da aka jera daga gaɓoɓin nan. A kan wannan aka gina Ka Koyi Karatu da ƙannensa, da shi kuma aka yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950. Ba na cewa rubutun ba shi da aibi. Ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, shi ya sa garin da ake zama da garin da ake tuƙawa suke da kama ɗaya a takarda. Amma Bahaushen yaro yana warware wannan da kunnensa.

To, ina aka sami tangarɗa? A Satumba 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya a ƙasa baki ɗaya, sai wajen miliyan 3 suka zo. Aka gina azuzuwa cikin gaggawa, aka ɗauki malamai da horon 'yan watanni. Wuraren da suka fi nisa da birni su suka fi jin jiki, gama ƙwararren malami ba ya son a tura shi bayan dajin Falgore. Wanda aka samu kuwa, da aji cike ba littafi, sai ya koma ga abin da ya fi sauƙi: ya rera e, bi, si, di, yara su amsa. Waɗannan sunayen baƙaƙen Ingilishi ne, ba sautinsu ba. Yaron da aka koya wa cewa wannan baƙi “si” ne, yaya zai karanta ciki ko cokali? Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko na yankin, amma takarda ba ta shiga aji. Gwajin da aka yi a Bauchi da Sakkwato a 2013 ya nuna mafi yawan 'yan aji biyu ba su iya karanta kalmar Hausa ko guda ba.

Yankin nan yana da wani abu kuma da bai kamata masu tsara manhaja a birni su manta ba. A Doguwa, musamman wajen Riruwai inda haƙar kuza ta tara mutane iri-iri, akwai Kurama, akwai kuma Fulanin rugage. Ga ɗansu, Hausa harshen kasuwa ne da wasa, Ingilishi kuwa na uku ne. In aka fara masa da sautuka 42 na Jolly Phonics, waɗanda aka tsara domin Ingilishi mai baƙaƙe 26 da sauti fiye da 40, zai iya furta kalmar daidai bai san abin da ya faɗa ba. In aka fara da Hausa, da zarar ya haɗa ma da sa da ra, ya ga masara a idonsa.

A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da harshen uwa har aji shida. A Nuwamba 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wannan, ya ce Ingilishi ne harshen koyarwa tun daga tushe. Dalilin da ya bayar shi ne faɗuwa a jarrabawa. Sai dai manufar da aka soke shekara uku kacal ta yi, yaran da suka shiga aji ɗaya a ƙarƙashinta kuwa ko firamare ba su gama ba, balle su zauna jarrabawar fita sakandare.